Gangunan kawu da muka tarar a ɗakin shirgi: a gyara ko a ba 'yan gwangwan?

Abba_TudunWada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kayan kiɗa na da. Makon jiya muna kwashe shirgin wani ɗaki a gidanmu saboda rufin ya fara yoyo, sai muka tarar da gangunan kawuna marigayi a bayan tsofaffin katifu. Irin jaz ɗin nan ne da ake zama kan kujera ana kaɗawa da hannu da ƙafa. Shi ma'aikacin reluwe ne, amma da dare yana kiɗa da wata ƙungiya a otal-otal ɗin Sabon Gari, tun kafin yaƙin basasa har bayansa. A gida ba a son zancen, shi ya sa ban taɓa sa su a ido ba sai yanzu.

Akwai babbar ta ƙafa, da ƙarama mai hawa kan babbar, da wata mai ƙafafu uku, da siniya, wato mai wayoyin nan a ƙasa. Faifan tagulla uku, ɗaya ya tsage. Jikin ja ne mai ƙyalli amma ya koɗe, wani wurin ya ɗago. Ƙarafan duk tsatsa. Kowace tana da tambari, babban harafin P, an rubuta Made in England. Wani ɗan gwangwan ya taya duka naira 40,000, yayana ya ce a sallama a huta. Ni dai raina bai kwanta ba. Abin kirki ne? Kuma za su gyaru a nan Zariya?

Bala_Wusasa:
Wa alaikumus salam. Malam Abba, Premier ce wannan, 'yar Ingila. Don Allah kada ka sallama, kuma abin da ya fi muhimmanci, kada ka fara gyaran komai tukuna. Ba samfefa, ba fenti, ba Omo da soson ƙarfe. Shekara 20 ina kaɗa jaz a coci, tsofaffin ganguna da na ga sun lalace, masu gyara ne suka kashe mafi yawansu, ba tsufa ba.

Duba mini abu huɗu. Kusoshin da ke ɗaure fata, kansu tsaga gare shi irin na sukudireba ko kusurwa huɗu ne? Ƙarfen da kusar ke shiga, dogo ne guda ɗaya daga sama har ƙasa ko gajeru biyu? Katakon ciki fari ne ko ja? Sannan ka karɓi tef wurin tela ko kafinta ka auna faɗin bakin kowace ganga da inci, a kan katakon, ba a kan zoben ƙarfe ba.

Dan_Kwari_Kano:
Haba, me ya yi zafi har da awo? Na ba ka 60,000, gobe in turo mota. Ku Zazzagawa komai sai kun mai da shi karatu.

Ummi_Gyallesu:
Ka ji Bakano. Ko hoto bai gani ba har ya taya. Abba, tunda ka ga mutumin Kano ya ƙara 20,000 ba tare da ciniki ba, ka san akwai magana a ƙasa.

JikanSarkinMakada:
Ni da na ga an ce "tana da tambari" sai gabana ya faɗi, na ce yaushe tamburan Sarki suka koma ɗakin shirgi a Tudun Wada? Ashe bajon kamfani ake nufi. To madalla. Ina biye da ku, in an zo kan fata zan sa baki.

Saje_MaiRitaya:
Yaro, Allah ya jiƙan kawunka. Na yi aiki a badujalar soja, kuma a nan Defo, barikin horar da sojoji na Zariya, na yi horo. Gangunan fareti da muka gada a wurin magabatanmu yawanci Premier ne, domin Ingila ce ke kawo wa sojoji da 'yan sanda kaya a wancan zamanin, makarantun mishan ma haka. Shi ya sa za ka ga ta fi kowace yawa a ƙasar nan cikin tsofaffi. Abin da na shaide ta da shi kurom ɗinta ne, wato farin ƙarfen da aka lulluɓe ƙarafan da shi. Farin ƙarfen nan nasu yana da kauri. Abin da kake gani kamar tsatsa sau da yawa datti ne ya hau kai, ƙarfen yana nan lafiya a ƙasa. Ka gwada wuri ɗaya da tsumma da ɗan kananzir ka gani.

Abba_TudunWada:
Na gode Baba Saje, amin. Na gwada, wallahi wurin ya fito fes, har ina ganin fuskata. Malam Bala ga amsa: kan kusoshin tsaga ne. Ƙarfen dogo ne guda ɗaya. Katakon ciki fari ne, kuma akwai wani zoben katako da aka manna a ciki sama da ƙasa. Awo kuwa ya ruɗa ni. Siniya 14 daidai. Ƙaramar saura ƙananan layi biyu ta cika 12. Mai ƙafafu ta wuce 16 da layi biyar. Babbar kuma ba ta kai 20 ba, saura wajen layi shida. Ko tef ɗin telan ne ya saki?

Hassan_Lesta:
Tef ɗin lafiyarsa ƙalau, gangar ce haka. Ni a Lesta nake zaune, kuma masana'antar Premier ta daɗe a Wigston, nan gefenmu. A Landan aka kafa kamfanin a 1922, daga baya suka dawo nan. Wannan awon da ka faɗa shi ne babbar shaida: 11 da 7/8, 16 da 5/16, 19 da 5/8. Awon Premier ne na da, kafin su koma kan awon da Amurka da sauran duniya ke bi wajen ƙarshen shekarun 1960. Ke nan gangunan kawunka sun girmi wannan canjin, kuma ya yi daidai da abin da ka ce ya fara kiɗa kafin 1967.

Farin katakon shi ake kira birch, falle uku ne aka lanƙwasa, zoben cikin nan shi ke riƙe da'irar. A farkon shekarun 1970 sun yi amfani da jan katako na Afirka, dangin maɗacin nan namu. Da ja ka gani a ciki da sai mu ce ta baya ce.

Inda matsalar take: fatar roba ta zamani ba za ta zauna ba. Mai 16 sam ba za ta shiga ba, ta 12 da ta 20 kuma za su yi sako-sako. Siniya kaɗai za ka samu cikin sauƙi. Kamfanin Remo yana yin fatun wannan tsohon awon, amma sai an yi oda daga waje.

Engr_Samaru:
Bari in zuba ruwan sanyi kaɗan, kada Abba ya kwana yana lissafin fili a Hanwa. A kasuwar tsofaffin ganguna ta duniya Premier ba ta kai 'yan Amurka kuɗi ba, irin su Ludwig da Gretsch. Ludwig tun da aka ga mai gangar Beatles da ita a talabijin ɗin Amurka a 1964 farashinta bai sauko ba. Na Ludwig akwai lamba a bajonsu, wasu ma da kwanan wata a buge a cikin kangon, ana iya gane shekara. Lambar Premier ba ta faɗa maka shekara. Kuma wa zai saya a nan? Coci-coci sabuwa suke so mai ƙyalli, ko 'yar Chana ce. In ka ce Turai za ka aika, kuɗin jirgi zai cinye ribar. Ni a ganina in gyaran don tunawa da kawu ne, bismillah. In don kuɗi ne, ka karɓi na Bakanon.

Dan_Kwari_Kano:
Injiniya Allah ya ƙara ilimi. Kun ji mai gaskiya.

Bala_Wusasa:
Injiniya, ban musa maka kan farashi ba, amma ba wanda ya ce Ludwig ce. Maganar ita ce 40,000 kuɗin kilo ne, ba kuɗin ganga ba. Kuma ko a sauti, wannan siririn katako mai zobe yana da wata murya mai taushi da sababbin nan masu kauri ba su da ita. Wanda ya taɓa kaɗa su biyun ya sani.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ce kada a taɓa. Shekarun baya wani dattijo ya ba mu kyautar tsohuwar jaz, shuɗiya, irin wannan. Ina tafiya Jos a lokacin. Kafin in dawo matasa sun ce za su yi mini bazata. Suka kai wa mai fentin mota. Ya ɓare rigar jikin da wuƙa, inda ta ƙi fita ya sa wuta, ashe irin robar nan ce ta da mai kamawa kamar fetur, gefe guda na katakon ya ƙone. Ya bi bakin gangar da injin gurza har ya cinye gefe ɗaya. Ya cire bajon ya yar, wai yana hana fenti kwanciya. Da na dawo na tarar da ita baƙa wuluk tana sheƙi, yara suna ta murna. Na ɗaura fata na ɗaure, nan ya yi tauri can ya yi tamoji. Na kwana uku ina juya kusa, ba ta taɓa ɗauruwa daidai ba. Ƙarshenta akwatin ajiye wayoyin lasifika ta zama. Har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina.

Kafinta_Muchiya:
Malam Bala ya taɓo inda ran ganga yake, wato bakin nan da fata ke kwanciya a kai. Abba, ga yadda za ka duba ba tare da ka kashe ko sisi ba. Kwance ƙarafan, ka kifa kangon a kan gilashi mai faɗi, ko madubin sif. Kashe fitilar ɗaki, ka kunna tocilan waya ka sa a ciki. Duk inda haske ya leƙo ta ƙasa, wurin ya lotsa. In ɗan siriri ne kamar zare, bar shi, fata za ta rufe. In ya kai a zura katin waya, to sai an daidaita, kuma da hannu ake yi, a manna samfefa mai laushi a kan gilashin a riƙa juya kangon a hankali. Ban da inji.

Zoben ciki in ya rabu da jiki, aikin hunturu ne, iskar nan tamu ba ta barin gam. Ka busa ƙurar da ke tsakani, ka ɗura farin gam na katako da sirinji, ka matse. In ba ka da abin matsewa, yanka tiyub ɗin keke ka naɗe, ka sa 'yan guntayen katako don kada ya yi shaida. Kwana ɗaya ya isa. Ka kuma duba ko akwai ƙananan huji da garin katako yana zubowa, in akwai ƙwaro na ciki, sai an kashe shi kafin komai.

Rigar da ta ɗago kuwa, gam irin na masu takalmi, kaɗan, a shafa gefe biyu a bari ya sha iska. Amma ka sani ta riga ta tsuke da tsufa, ba lalle bakin ya haɗu kamar da ba. Kada ka ja ta da ƙarfi, karyewa take kamar ƙwai.

Abu_Sumayya:
Ni dai nasiha zan yi. Bawan Allah ya rasu, maimakon a yi masa sadaka mai gudana sai a tayar da kayan kiɗansa? Ku ji tsoron Allah. Iyayenku da suka ɓoye su sun san abin da suke yi.

Ummi_Gyallesu:
Malam, ai bai ce zai buɗe gidan rawa ba. Kuma wa ya ce maka ba a yi masa sadaka?

Admin_Zazzau:
An ji nasiha, Allah ya saka. Wannan zauren na tsofaffin kaya ne, rediyo, agogo, keke, garmaho da makamantansu. Mai son hukunci ya tambayi malaminsa. A koma kan ganga don Allah.

JikanSarkinMakada:
To an zo wurina. Duk wannan kukan na awo bai cika ba, sai an yi oda daga Ingila, ni dariya yake ba ni. Akuya ba ta san inci ba. Mu a gidanmu ba a taɓa sassaƙa kango biyu masu faɗi ɗaya ba, kuma ba a taɓa rasa fata ba. Kakana in zai ɗaura wa ganga fata, jiƙa ta yake ta kwana, ya kankare gashin, ya shimfiɗa, ya yanka daidai bakin da ke gabansa. Ku da kanku kun ce gangar nan ta tsufa. To lokacin da aka zana awonta, da wace fata ake kiɗa? Ba ta dabba ba?

Abba, ka kawo mini ƙaramar mu gwada da fatar akuya. Babbar kuma sai ta ɗan maraƙi. Fata kam ba ma nema a Zariya, ga majema, ga makarantar fata a Samaru. Amma ɗanya ake so wadda aka shanya, ba jemammiya ta jaka da takalmi ba. Jemammiya ba ta magana.

Hassan_Lesta:
Gaskiyarka ranka ya daɗe. Fatar roba sai a 1957 Remo ya fito da tasa, kafin zuwan roba galibi fatar maraƙi ce. Har yanzu a nan akwai masu biyan kuɗi mai yawa don a ɗaura musu ita, suna cewa ta fi daɗin murya. Abin da mu muke da shi a banza.

Saje_MaiRitaya:
Mun tarar da ragowar wannan aikin. Akwai siririn zoben katako da ake naɗe fatar a kai tana jiƙe. Da bayan cokali muke cusa ta, wanda aka daddaƙe bakinsa ya yi laushi, a fara daga gabas, a koma yamma, sai kudu da arewa, don kada ta karkace. Ba gam, ba ƙusa, in ta bushe ita ke riƙe kanta. A inuwa ake shanyawa. Wani kofur ya taɓa sa tasa a rana don sauri, kafin azahar zoben ya murɗe kamar kunnen kwando.

Amma zan gaya muku wahalarta, don kada a ce ban faɗa ba. Da damina, watan Agusta, ka ɗaure ganga da safe tana ƙara tas, kafin a gama fareti ta koma kamar ana dukan katifa. Mukan kanga ta kusa da garwashi. Da hunturu kuma in ka manta ba ka sassauta ba ka tafi gida, cikin dare za ka ji fau, ta fashe ita kaɗai. Ranar da aka kawo mana ta roba har rawa muka yi.

Bala_Wusasa:
Abin da zan faɗa ke nan Baba Saje ya riga ni. In ajiye ta za a yi a falo a riƙa taɓawa jefi-jefi, fatar akuya ta yi, ta ma fi kyan gani. In aiki za ta yi kowane mako, roba. Ni da zan raba: siniya roba tunda 14 tana samuwa, sauran a gwada na Jikan Sarkin Makaɗa.

JikanSarkinMakada:
Kalangu yana fita biki da damina, Malam Bala, ba mu taɓa ba shi hutu ba.

Bala_Wusasa:
Kalangu a hammata yake, kana matsa tsarkiya kana gyara murya a kowane bugu. Ni kusa goma sha shida zan bi da sukudireba ana tsakiyar waƙa?

Makanike_Kwangila:
Ku bar fata tukuna, ba a kai nan ba. Kusoshin za su fara ba shi ciwon kai. Abba, kada ka sa ƙarfi. Ɗiga kananzir ko man birki a kowace, ka bar ta kwana biyu. Ka samo sukudireba mai faɗin baki da ya cika tsagar, in ya yi ƙanƙanta zai cinye kan. Juya baya kaɗan, gaba kaɗan. In kusa ta karye a ciki ka shiga uku, domin zaren Ingila na da da inci aka yanka shi, na kasuwar Sabon Gari kuwa milimita ne. Za ta shiga zagaye biyu ta cije, in ka tilasta ta ka kashe gidan. Sai dai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su yanka sabuwa a kan samfurin tsohuwar.

Dogon ƙarfen nan da kusa ke shiga, da zoben sama, zubi ne, ba ƙarfen walda ba. In ya karye ya tafi. Kuma kada wani ya ce ka jiƙa shi a ruwan batir ko ruwan tsami, cinye shi zai yi. Takardar alminiyon nan ta naɗe kaza, a dunƙule a tsoma a ruwa a goga, tana ɗauke tsatsa ba ta karce kurom. Tsohon buroshin haƙori don lunguna. Kowace ganga ka zuba ƙarafanta a roba daban ka rubuta suna, ka ɗauki hoto kafin ka kwance. Na ga injin mota da aka kwance ba hoto, balle wannan.

Engr_Samaru:
Wani abu da ba a tabbatar ba: kowace ganga tambarinta na asali ne? A shekarun 1960 da 1970 Japan ta cika duniya da ganguna masu araha, Pearl da kamfanin da ya zama Tama suna ƙerawa ana manna sunaye iri-iri. Makaɗan otal kuma haɗe-haɗe suke yi, wannan ta fashe a ɗauko wata a liƙa mata bajo. Premier ɗin ma tana da ƙanwa mai araha, Olympic.

Hassan_Lesta:
Injiniya, awon ya riga ya amsa wannan. Japan ba ta yi 16 da 5/16 ba, kuma katakonsu ja-ja ne mai saƙa-saƙa. Siniyar ce kaɗai ban da tabbas a kanta tunda 14 kowa na yi. Abba, kifa ta ka gani. In wayoyin ƙasa suna kan wani ƙarfe da ke ɗaga su gaba ɗaya a miƙe, kuma akwai sanda da ta ratsa cikin gangar, to ta manyan ce, irin su Royal Ace. Sannan ba ka gaya mana abin da aka rubuta a faifan ba. Duba kusa da baki, rubutun bugawa aka yi, sai ka karkata shi ga haske.

Abba_TudunWada:
Sandar tana nan a cikin siniyar, amma wayoyin saura 'yan kaɗan. Faifai biyu ƙanana an rubuta Zyn, launinsu fari-fari. Babban, wanda ya tsage, da ƙyar na gani. Akwai wata da tauraro, da wani rubutu kamar ajami, sai harafin K, sai Istanbul, a ƙasa Made in Turkey. Jikinsa duk shaidar guduma, baƙi-ƙirin da datti. Shi ne ma ɗan gwangwan ya fi ɗagawa yana jinjina nauyinsa. Ina shirin wanke shi da Brasso gobe.

Hassan_Lesta:
KADA KA SA MASA BRASSO. Abba ka ji ni? Ajiye shi a kan katifa ka rufe ƙofa.

Zyn ɗin na Premier ne, masu araha, ba wani abu. Amma wancan K Zildjian ne na Istanbul, da hannu aka ƙera shi. Gidan Zildjian tun 1623 suke wannan sana'a, wani reshe ya koma Amurka a 1929, na Istanbul kuma ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1970 aka rufe. Tagullarsu kashi 80 jan ƙarfe ne, kashi 20 kuza. Masu salon kiɗan jazz na duniya neman su suke ido rufe. In lafiyayye ne shi kaɗai zai iya fin duk gangunan kuɗi. Baƙin nan da kake kira datti suna sonsa, kuma goge-goge yana cinye hatimin, wanda shi ne shaidarka.

Engr_Samaru:
To nan kam na janye rabin maganata. Rabi fa, domin tsagagge ne, kuma tsaga tana zubar da farashi ƙwarai. Ina tsagar take, kuma ina tsawonta?

Dan_Kwari_Kano:
Abba ƙanina, 100,000, kuma na yafe maka gangunan, faifan kawai.

Ummi_Gyallesu:
Yanzu kuma ya zama ƙaninka.

Abba_TudunWada:
Daga baki ta shigo ciki, kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya. Akwai mai walda a layinmu, ya ce zai cike ta da jan ƙarfe ba za a gane ba.

Makanike_Kwangila:
Ka ce masa ka gode. Wuta tana kashe irin wannan tagullar, wurin zai yi laushi, muryar ta mutu, kuma ya sake tsagewa a gefen waldar. Abin da ake yi, a samo ainihin inda tsagar ta tsaya, da gilashin ƙara girma don tana wuce inda ido ke gani, a huda ɗan ƙaramin rami a wurin don kada ta ci gaba. Wasu kuma su yanke wurin kamar an gutsiri ƙosai, su goge bakin ya yi santsi.

Bala_Wusasa:
Ni ko hujin ban goyi baya ba yanzu. Tsaga ba ta tafiya sai ana dukan faifan. Tunda ba kaɗawa zai yi gobe ba, a bar shi yadda yake. In sayarwa ce, mai saye ya fi son ya gan shi ba a taɓa ba ya yanke wa kansa shawara.

Makanike_Kwangila:
In kuma yaran gida suka samu muciya suka far masa fa? Ramin minti biyu ne.

Hajiya_Kwarbai:
Ku maza kuna ta ƙarfe da katako. Abba, mahaifiyarka tana da rai? In tana nan, je ka zauna kusa da ita bayan isha'i ka tambaye ta labarin ɗan uwanta, ba a gaban yayanka ba. Mu da muka taso a cikin birni an hana mu ko kallon hanyar Sabon Gari da dare, amma ba wadda ba ta san ana kiɗa a can ba. Irin waɗannan mutanen ba sa rasa hoto, sun sha kwat da nakatayal, an rubuta sunan ƙungiya a fatar babbar ganga. Ka ce ta duba ƙasan adaka. Mata ba sa yar da hoton ɗan uwa ko da maigida ya yi faɗa.

Saje_MaiRitaya:
Hajiya ta yi magana. Kuma kafin ka cire fatar gaba ta babbar gangar, duba ko da rubutu a jikinta, ko ya goge. In akwai kada ka yar, ko ta yage.

Abba_TudunWada:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda kika ce. Umma ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ranar da aka kawo gangunan a jirgin ƙasa daga Legas ita ta riƙe masa faifan a kan cinyarta daga tasha har gida, tana 'yar shekara 9, an naɗe shi a cikin bargo. Ta ce hoto akwai, amma yana wurin ƙanwarsu a Kaduna. Kuma ta ce ba za a sayar wa ɗan gwangwan ba tana raye. Yaya bai ji daɗi ba, ya ce to a sayar da faifan kaɗai a gyara rufin da kuɗin, tunda damina ba za ta jira mu ba. Maganarsa ma ba ta rasa kan gado ba, ɗakin yana zuba sosai.

Baba Saje, fatar gaban babu rubutu, amma da na buɗe na tarar da tsohon filo a ciki da sanduna biyu, ɗaya an ɗaure ta da zaren lilo inda ta tsage. Na ɗiga kananzir tun shekaranjiya. Kusoshin ƙaramar duk sun fito sai ɗaya, ta cije, kan ya fara cinyewa sai na tsaya.

Makanike_Kwangila:
Da kyau da ka tsaya. Kawo ta gareji ranar Asabar da safe, kada ka cire gidan daga jikin katakon.

JikanSarkinMakada:
In ya kwance maka ita ka biyo da kangon ta wurina, da tsohuwar fatar ko ta mutu, zoben jikinta nake so in gani. Akwai fatar akuya biyu da na shanya tun Babbar Salla.

Engr_Samaru:
Ni har yanzu ina ganin yayan ya fi ku lissafi. Faifan da ba za a kaɗa ba, ga rufi yana zuba.

Bala_Wusasa:
In aka raba faifan da gangunan an raba kayan mutum ɗaya, Injiniya. A nemi kuɗin kwano a wani wuri. Abba, ba ka ce komai kan feda ba. Tana nan? Da abin taka faifai biyun nan? In suna nan turo hotonsu ta sama da ta ƙasa, kada ka goge, ina son ganin abin da aka rubuta a inda ake ɗora ƙafa.